Mota Ma Tana Da Hanci

Sunan garin Hawandawaki, a kudancin gundumar Tasawa, kusa da iyakar Najeriya, yana tuna ma mutum zamanin da doki shi ne abin hawan mai hali. A wancan zamani, ko da mutum yana da yaran barga, ba ya jin nauyin ya duƙa ya ɗaga kofaton dokinsa, ya duba haƙoransa, ya kasa kunne ya ji yadda yake numfashi. Yau mota ta gaji doki, amma ba ta gaji wannan kulawa ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati zai zuba gumin shekaru ya sayi mota, sa'an nan ya ɗauka cewa taɓa wani abu a cikinta, ban da sitiyari, zubar da girma ne. To, jama'a masu karatu, wannan girma kuɗi yake ci, wani lokaci har da lafiya.

Ga misalin wani ɗan kasuwar hatsi na wannan yanki. Toyota Corolla gare shi, ta hannu, irin waɗanda aka yi ta saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da ita yake zagaya kasuwanni, daga Tasawa zuwa Gazawa har Mayahi, da ita kuma yake kai mahaifiyarsa asibiti, don tana fama da ciwon fuka. Sannu a hankali na'urar sanyaya iska, wadda ake ce ma kilim, ta fara rauni. Ko ya murɗa ta har ƙarshe, sai ƙugi kamar na hadari, iska kuwa kamar hucin jariri. Sau biyu yana zuwa Maradi, tafiyar kilomita wajen 120 daga Tasawa, ana ƙara masa gas, yana biya, yana dawowa da matsalarsa. Tsohuwa kuwa, da ta shiga motar sai tari ya tashi. Wata rana ta ce masa: "Alhaji, wannan mota taka warin tsohon rumbu take yi."

Ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyon aikin kanikanci, shi ya warware zancen. Ya ce: "Kawu, ko an taɓa duba filtir ɗin ciki?" Alhaji ya ce: "Wane filtir kuma, ɗana? Ai watan jiya aka sauya na inji." Yaron ya buɗe ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman gaba, ya sa hannu a bayansa, ya zaro wani abu mai kama da littafi da ya kwana a ƙasa. Asalinsa farar takarda ce mai ninki-ninki, amma ta koma ja wur, cike da rairayi, da ƙaiƙayin gero, da busassun ganye. Ta cikin wannan datti iyalin gidan suka yi ta shaƙar iska, ba su sani ba. Gaskiyar masu iya magana: rashin sani ya fi dare duhu.

Rashin sanin yana da dalili. Matatan iska iri biyu ne a mota. Ɗaya yana tace iskar da inji ke sha, kowa ya san shi. Ɗayan yana tace iskar da mutanen ciki ke shaƙa, shi ne hancin mota, kuma baƙo ne a ƙasarmu. Peugeot 404 da 504, waɗanda suka rene mu, har aka riƙa haɗa 504 a Kaduna tun 1975, ba su da shi. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya sa shi a motarsa mai lamba 900 a ƙarshen shekarun 1970, amma bai yaɗu a motocin Turai ba sai a shekarun 1990, ya kuma zama ruwan dare bayan 2000. Kanikawan da suka koyi aiki a kan 504 ba su tarar da shi ba, masu motoci kuwa ba su tambaya.

Kamfanoni da yawa suna cewa a sauya shi bayan kilomita 15.000 ko shekara guda. Wannan lissafi na titunan Turai ne. A jahar Maradi, hunturu yana ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya yi ta zuba ta tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Bayansa guguwar gaban damina ta biyo. Wanda kuma ya sauka daga babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, ya shiga hanyoyin ƙauyuka, kowace babbar mota da ta wuce shi sai ta yi masa wanka da jar ƙasa. A irin wannan wuri, hankali shi ne a duba shi aƙalla sau biyu a shekara: a ƙarshen hunturu, da bayan kaka.

Aikin kansa bai kai a kira shi aiki ba. A yawancin motocin Japan, mutum ya kashe inji, ya buɗe ɗan akwatin nan, ya kwashe takardunsa. Idan akwai ɗan sanda siriri da ke riƙe da shi a gefe, ya zame shi. Ya matsa gefunan akwatin biyu zuwa ciki, sai ya sauko ƙasa. A bayansa akwai murfi mai tsawo. A danna kunnuwansa, a cire, a jawo tsohon filtir a hankali don kada dattin ya zube cikin fanka. A wasu motocin Turai kuwa, wurinsa yana ƙarƙashin murfin inji, daf da gindin gilashin gaba. Minti goma sun isa, kuma sau da yawa ba a bukatar ko sukuddireba.

Wuri ɗaya ne ke son natsuwa, wato kibiyar da aka zana a gefensa. A wasu, tana nuna ɓangaren da ke kallon sama; a wasu, tana nuna inda iska ke bi, wanda a Corolla ƙasa ne. Saboda haka a lura da yadda tsohon ya zauna kafin a fitar da shi, a kuma karanta abin da aka rubuta kusa da kibiyar sabon. Kada a wanke na takarda da ruwa, kada a kai ma mai faci ya busa shi da iska mai ƙarfi, don zarensa yakan yage, ya koma rariyar da ba ta tare komai. Mafi muni shi ne a cire shi a jefar, a bar gurbin fayau, wai don iska ta ƙaru. Ƙura za ta wuce ta sauka a kan ƙarfen da ke sanyaya iskar, wanda yake jiƙe da raɓa, ta zama laka. Wanke wannan laka sau da yawa sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ya ninka na filtir sau da dama. Shi ma wanda ya toshe yana gajiyar da fanka har ta mutu.

Wanda ya ga faɗuwar darajar kuɗin Sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo, ya san abin da ake nufi da tsada. A 2023 ma, da aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Mai mota a Hawandawaki, wanda mai gyaran kilim ya yi masa nisa, shi ya fi kowa bukatar ya tare ƙaramar ɓarna kafin ta girma. Idan zai sayi sabo a Maradi ko Katsina, ya tafi da tsohon a hannu don a gwada girma, ya sayi biyu ya ajiye ɗaya. Idan ya bi bayan babbar mota a hanyar ƙasa, ya danna maɓallin da ke rufe iskar waje, motar ta juya ta cikinta har ƙurar ta lafa.

Ba a ce kowa ya zama bakanike ba. Birki, da gas, da cikin inji, aikin masu sana'a ne, a bar musu, a biya su hakkinsu. Amma bakanike yana ganin mota na awa guda, mai ita kuwa kullum yana cikinta, da mahaifiyarsa, da 'ya'yansa. Shi zai fara jin iska ta ragu, shi zai fara jin wari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a taɓa jin an rage ma Alhaji girma don ya duƙa minti goma ya duba abin da iyalinsa ke shaƙa ba.