Allurar da ke tare ma ciwo hanya

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani gari na jihar Maraɗi. Karatuna bai wuce lakwal ta farko ba. Amma ɗan Faransancin da na samu can, shi ya kai ni ƙasar Tunusiya bara, bayan an gama girbi.

Yayata ƴar kasuwa ce, atamfa take saidawa. Jikinta ya yi nauyi ƙwarai, ta wuce kilo 130. A wajenmu in mace ta yi ƙiba sai a ce ta ji daɗi. Amma ita ta san abin da take ji. Ga ciwon sukari, ga hawan jini, gwiwoyi sun ƙi ɗaukarta, salla ma a zaune take yi. Da dare in tana minshari numfashinta ya kan tsaya, ta farka a firgice. Ta rage abinci, ta sha magani shekara da shekaru, ba canji. Daga baya wani likita a Yamai ya gaya mata akwai aikin fiɗa na rage tumbi, kuma ana yin shi a birnin Tunis. Ta saida fili ta haɗa kuɗi, ta ce mini: "Malam, kai za ka raka ni, tun da kana jin bakinsu."

Ni ba wuƙar likita nake tsoro ba, abin da zai biyo baya nake tsoro. Ƙanenmu ɗan kabu-kabu ne. Ya faɗi da babur ya karye, ciwo ya hana shi barci, wani ya ba shi tramol na ƴan tebur. Ƙafa ta warke, shi bai bar ƙwaya ba. Shekara 4 ke nan muna fama, gonarshi ta zama saura. Shi ya sa da muka zauna gaban likitan sa barci a Tunis, tambayata ta farko ita ce: in ta farka, da mi za ku kashe mata ciwo?

Ya ɗauki takarda ya zana mini. Sai da na sa ya maimaita sau biyu kafin in fassara ma Yaya.

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san naman gefen ciki hawa-hawa yake. Na mutum hawa 3 ne, kamar tabarmi 3 da aka shimfiɗa wata bisa wata. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai jijiyoyi sirara. Ba na jini ba ne, ƴan aike ne. In an yanki fata, su ke kai labari ga ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya ji zafi. To, likita yana ɗora na'urar eko, irin wadda ake duba ciki ga mata, ya hango hawan nan 3. Sai ya sa allura daidai wurin, ya zuba magani kamar cikin ƙaramin cokali 4 a dama, ya zuba haka a hagu. Maganin dangin wanda ake yi ma mutum ne in za a cire mishi haƙori. Jijiyoyin sai su yi barci, labarin ciwo ya rasa hanya. Ana yin wannan lokacin da mara lafiya ke cikin barcin fiɗa, ba ya ji.

Likitoci suna ce ma wannan allura TAP. Wani likita mai suna Rafi ya fara bayyana ta a 2001. A 2007 likitocin ƙasar Ostareliya suka nuna yadda ake yin ta da eko, ana ganin bakin allura.

Na ce: to, don mi ba za ku ba ta magani mai ƙarfi kawai ba? Ya ce morfin da tramol dangi ne. Suna rage numfashi, suna kawo amai. Mai ƙibar da numfashinta ke tsayawa da dare, abin haɗari ne gare ta. Tumbin da aka ɗinka yau kuma ba ya son amai. Amma bai ɓoye mini ba. Ya ce allurar bangon ciki kawai take kashewa, ciwon can ciki yana nan. Kuma aikinta rabin kwana ne zuwa kwana ɗaya. Don haka za su ƙara farasitamol ta hanyar ƙarin ruwa, su ajiye morfin kaɗan ko da za a bukata.

Ranar fiɗa ba a tsaga ciki ba. Huji 5 ƙanana aka yi. Aka cire wajen kashi 3 cikin 4 na tumbi, sauran ya zama kamar ayaba. Da ta farka na ce: "Yaya, ya jiki?" Ta ce: "Malam, fatar cikina kamar ba tawa ba. Kafaɗa ce ke ciwo." Aka ce mana iskar da aka hura cikin ciki don a ga wurin aiki ce ke sa haka, za ta wuce.

Mai jinya ta zo ta ce: daga sifiri zuwa 10, ciwon nawa ne? Yaya ta ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka muke amsawa ko muna bakin mutuwa. Na ce: "Yaya, nan ba wurin dauriya ba ne, lamba suke so." Ta ce 4. Da marece aka tada ta, ta taka har ƙofa ta dawo. Tafiyar nan magani ce: tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana buɗe huhu. Wanda ciwo ya danne ba ya iya yin ta.

Cikin dare allura ta sake ta. Ta ce 7. Da ta faɗa da wuri, aka ba ta morfin ɗan kaɗan, ta yi barci. Kwana na uku aka sallame mu. Aka ja mana kunne: ban da asfirin, ban da ibuforofen da dikulofenak, don suna cin tumbi. Ban da ƙwayar tebur. In zazzaɓi ya zo, ko zuciya tana bugawa da sauri, ko ciwo yana ƙaruwa, a koma likita nan take, wata ƙila ɗinki ne ke yoyo.

Na san yawancinmu ba za mu yi irin wannan fiɗa ba. Tsada gare ta, kuma mu ƙarancin abinci ya fi damunmu. Amma likitan ya ce allurar nan ita ce ake yi in an fidda jariri ta ciki, ko an yi aikin gwaiwa. Maza nawa ke ɓoye gwaiwa don tsoron zafin fiɗa? In an ce za a yi maka aiki, ko matarka, ka tambaya tun kafin ranar: da mi za a kashe ciwo? Akwai allurar bangon ciki a nan? Ba kowace likita ke da ita ba, sai mai na'ura da wanda ya koya. Kada kuma mai allurar kasuwa ya ce zai yi maka. In maganin ya shiga jijiyar jini yana iya tsaida zuciya.

Yau Yaya a tsaye take salla. Ko ƙwayar tramol ɗaya ba ta shiga ɗakinta ba. In na dubi ƙanenmu sai in ce: da ya kai kukan ciwonshi ga likita, ba ga mai tebur ba, wata ƙila da yanzu yana gonarshi. Allah ya ba mu lafiya, ya shiryi namu, amin.