Labarin Zuciya A Tambayi Fuska, Amma Ban Da Baturen Ingila



Tun da na dawo daga Ingila, duk wanda muka haɗu da shi a masallaci ko a ofishin ƙungiya tambayarsa ɗaya ce: "Sakatare, yaya mutanen suke?" Na gaji da amsawa ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, musamman saboda iyayen da 'ya'yansu ke shirin tafiya karatu ko aiki.

Mako uku na yi a birnin Leeds, a watan Disamba, wurin ƙanina da ya gama digiri na biyu ya samu aiki. Mako uku bai isa a san mutane ba. Amma akwai abu ɗaya da na gani da idona, wanda ya kusa raba ƙanin nawa da aikinsa.

Da farko, Ingila ba ita ce Birtaniya duka ba. Akwai Sukotlan, da Wales, da Ireland ta Arewa, kuma kada ka kuskura ka kira ɗan Sukotlan Baturen Ingila. Kamar ka kira Babarbare Bahaushe ne. Maganata a kan mutanen Ingila take.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kalmar "sori". A tashar jirgin ƙasa na taka wani dattijo da akwatina. Kafin in buɗe baki ya riga ni ba da haƙuri. Na tsaya ina kallonsa, shi ma ya rasa abin yi, sai ya ƙara cewa "sori" ya wuce. Ni da na shekara ashirin ina shiga motar haya a Legas, na san abin da zai biyo baya in ka taka mutum a Oshodi. Daga baya ƙanina ya nuna mini littafin wata masaniyar halayyar jama'a, Kate Fox, wanda ya fito a 2004. Matar nan da gangan ta riƙa bangazar mutane a tasha da kasuwa, ta gano cewa mafi yawan waɗanda ta bangaza su ne ke fara ba ta haƙuri.

Sai layi. Ba ɗan sanda, ba bulala, amma kowa ya san wanda ya riga shi. Kun tuna rasuwar Sarauniya Elizabeth a watan Satumba na 2022? Mutane kusan 250,000 suka bi layi don ganin akwatin gawarta, wasu suka kwana a tsaye. Har David Beckham ya shafe sama da awa 12 cikin talakawa, ba wanda ya ce "ku matsa ga babban mutum".

Da na ga waɗannan sai na ce a raina, ai waɗannan mutane ba su da fushi. A nan na yi kuskure, kuma irin kuskuren da ƙanina ya yi ke nan.

Wata rana da dare ya nuna mini saƙon da ogansa ya aiko masa kan wani rahoto. Ogan ya ce aikin ba laifi, akwai abubuwa masu ban sha'awa a ciki, sai dai in ya samu sarari ko zai so ya sake duba wasu 'yan wurare. Ƙanina ya ce mini, "Yaya, ka ga yabo." Ni ma na ce ma sha Allah. Bai taɓa rahoton ba. Bayan kwana huɗu aka kira shi ofis, yana cikin watannin gwaji, aka tambaye shi dalilin da ya ƙi bin umarni. Ashe fassarar saƙon ita ce: aikin bai yi ba, ka sake shi yanzu. Wani abokin aikinsa ɗan Ghana da ya daɗe a can ne ya zaunar da shi ya koya masa karatun. Allah ya rufa asiri, ya kwana biyu yana gyara.

Baturen Ingila yana rage magana ne. Babban abu sai ya kira shi ƙarami. A watan Yuni na 1982 wani jirgin British Airways ya shiga tokar dutse mai aman wuta a sararin Indonesiya, injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin, Kyaftin Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa an samu 'yar ƙaramar matsala. Allah ya sa injinan suka tashi, suka sauka a Jakarta lafiya. To mutumin da zai kira wannan 'yar matsala, me kake jin zai kira rahoton da bai yi ba?

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ai abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ma muna da kara da kawaici. Ka je neman aure, uban yarinya ya ce "to, za mu duba, Allah ya zaɓa mafi alheri", kai Bahaushe ka san an sallame ka. Ka tambayi maras lafiya jiki, yana gargara zai ce "da sauƙi". Bambancin shi ne mun san namu, ba mu san nasu ba. Kuma mun taso da tunanin cewa Bature ba ya ɓoye-ɓoye, abin da ke ransa shi ne a bakinsa. Wataƙila Ba'amurke ko Bajamushe. Na Ingila kuwa, fuskarsa ba ta ba da labari.

Kakanninmu sun ga wannan tun kafin mu. Mutanen da suka ci Kano da Sakkwato da bindiga a 1903 su ne suka dawo suna gaida sarakuna da ladabi, suna kiran umarninsu "shawara". Jami'insu sunansa Razdan, wato mazauni, kamar baƙon da ya zo ya zauna kawai. Amma sarkin da ya ƙi jin shawarar, rawaninsa ne zai gaya masa. Taushin baki ba taushin hali ba ne.

Sai dai abin yana da ɗaya fuskar, kuma dole in faɗe ta. Maƙwabcin ƙanina wani tsoho ne mai zaman kansa. Shekara biyu ba abin da ke haɗa su sai "sanyi ya yi yawa yau". Bai taɓa tambayar sunan garinsu ba. Ƙanina ya ɗauka ƙyama ce. Ranar da matarsa ta haihu suka yi kwanaki a asibiti, da suka dawo sai suka tarar an fitar musu da kwandon shara an mayar, an ajiye kati da 'yar rigar jariri a bakin ƙofa. Da ya je godiya, tsohon ya ruɗe, ya ce ai ba komai ba ne, ya koma maganar ruwan sama. A wurinsa, rashin tambaya shi ne girmamawa.

Ban ce duka haka suke ba. A bazarar 2024 wasu ɓata-gari sun far wa masallaci a garin Southport. Amma da gari ya waye, mutanen unguwar ne suka fito da tsintsiya da bulo suka gyara katangar. Duka biyun Ingila ce.

Abin da ban yi sha'awa ba shi ne kaɗaici. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, kowa ya kulle ƙofarsa. Kusan gida uku cikin goma mutum ɗaya ne a ciki. Har ta kai a 2018 gwamnatinsu ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici. Na tuna zaurenmu, inda in ba a gan ka a Asuba da Azahar ba, kafin La'asar an turo yaro. Wannan gutsiri-tsomar da muke ƙorafi a kai, ashe ni'ima ce.

Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin cewa zaman baƙunta karatu ne. Mun koyi cewa ɗaga muryar Bayarabe a kasuwa ba faɗa ba ne. To haka ɗanka zai koyi cewa murmushin Baturen Ingila ba yarda ba ce, shirunsa kuma ba ƙiyayya ba ce. Ku gaya wa yaranmu: in oga ya ce "ko za ka so", umarni ne. In ba ka gane ba, ka ce ya faɗa maka dalla-dalla, ba zai ji haushi ba. Kada ka tsallake layi. Kada ka tambayi mutum albashinsa. Kuma ka fara gaida maƙwabcinka, don shi kunya ba za ta bar shi ya fara ba.

Ranar da zan taho, na ƙwanƙwasa ƙofar tsohon na miƙa masa ledar dabino. Ya karɓa, ya yi ja har kunne, ya ce mini "sori". Har yau ban san laifin da ya yi ba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya haɗa su da maƙwabta na gari. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya