Daga Madawa zuwa Keita: sandar da za ta kai ki bisa dutse ta maido ki

  Wannan karon zancen hanya na kawo muku, domin da yawa cikinku kuna shirin ziyarar ƙungiyoyin Adar bayan kaka.

Wadda ta saba da jigawa, in ta bar Madawa ta yi arewa sai ta ga ƙasa ta sake. Tudu ne shimfiɗaɗɗe a bisa, duk marmara da baƙar tsakuwa, sai ya yanke kwatsam ya gangara cikin kwari. Kwarin Magiya ke nan. Can ƙasa gero da dawa da albasa, ga layukan dogon yaro jere kamar an ja su da igiya. Tun 1975 aka fara dasa su a yankin Buza, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen garuruwa, don su kare gonaki daga iska. Garin Buza kansa duwatsu ne suka kewaye shi. In kika wuce zuwa Keita, ki ɗaga kai ki dubi jikin tuddan: za ki ga ramuka da jerin duwatsu masu tare ruwa. Aikin furojen Keita ne da aka soma a 1984, shekarar fari, da taimakon Italiya da hukumar FAO. Maza sun tafi biɗa, galibin masu aikin mata ne. Iyayenmu ne suka haƙa ramukan nan, suka ɗauki dutse bisa ka, aka biya su da abinci, aka dasa miliyoyin itatuwa.

Mota tana aje ki bakin hanya ne kawai. Ƙauyukan da ke bayan tudu, wajen Tamaske ko Garhanga ko Allakaye, wasunsu sai ƙafa ko kabu-kabu. Mun hau tare da matan wata ƙungiya, kowace tsohuwa da sandarta. Shugabarsu ta dube mu ta ce, "Ku baƙi, hawa numfashi kaɗai yake ci. Sauka ita ke cin gwiwa." Gaskiya ta faɗa. Wurin sauka nauyin jiki da na kaya duk bisa gwiwa suke faɗawa, tsakuwa kuma tana gudu ƙarƙashin takalmi. Mai juna biyu, mai goyo, mai itace a ka, in ta zame, ba ita kaɗai ta faɗi ba. Targaɗe ɗaya sai ya zaunar da mace wata guda: babu kasuwa, babu zubi, ga bashin asusu yana jira.

Ga abin da suka koya mana wajen zaɓen sanda.

Na farko, nauyi. Sandar tafiya daban, kulki daban. Sau dubbai za ki ɗaga ta kafin ki isa, saboda haka in kin riƙe ta kika ji ta a kafaɗa, aje ta. Kaurinta kar ya wuce yadda yatsunki za su zagaye ta su haɗu. Gora ba ta da nauyi, sai dai ki duba kar ta kasance da tsaga ko hudar ƙwaro. Dargaza da geza suna da ƙarfi, suna lanƙwasa ba su karye ba. Magarya da aduwa suna daɗewa, amma sun fi nauyi, kuma sai an fere ƙayar sarai. Karan dawa da tumfafiya kuwa, ko kyauta aka ba ki kar ki dogara da su.

Na biyu, tsawo. Ki tsaya a fili, ki kafa sandar kusa da ƙafarki. Inda hannunki ya kama, damtse na tsaye, sauran hannun kwance, nan ne mariƙinki. Sandar ta ɗara wurin da kamar taƙi ɗaya, ta kai miki hamata. Dalili: wurin hawa ƙasa-ƙasa ake riƙo, wurin sauka sama-sama, ki fara kafa ta gaba kafin ki aje ƙafa.

Na uku, bushewa. Ɗanyen ice nauyi gare shi. A gyara shi tun yana ɗanye, a ɗan gasa shi a miƙar, a bar shi ya sha iska a inuwa, don rana tana tsaga shi. Maƙeri yana iya sa mata zoben ƙarfe a gindi don kar dutse ya cinye ta.

Turawa masu yawon duwatsu suna da tasu ta alminiyom, bibbiyu, mai shiga cikin juna, guda biyun nauyinsu kamar rabin kilo ne. In ɗanki ya aiko miki daga biɗa, ki yi amfani da ita, amma ki gwada makullinta: ki danna da dukan nauyinki, in ta nutse, ba ta yi ba. Ƙura ma tana hana ta kamawa. Ni dai ban ga dalilin taɓa kuɗin asusu saboda ita ba, ga ice a gonarmu. Kuma mai kaya a ka sanda ɗaya take buƙata, ɗaya hannun na kayan ne.

Sanda tana da wani aikin kuma. Da ita ake buga ciyawa da gefen dutse saboda kububuwa. Da damina a auna zurfin korama da ita. In ruwan yana jan sandar, ki zauna ki jira ya wuce, ruwan Adar da sauri yake zuwa, da sauri yake tafiya.

Roƙo ɗaya: kar a sare tsiro don sanda. Reshe ake cirewa lokacin sassabe, a gonarki ko da izinin mai gona. Itacen layukan Magiya da na tuddan Keita da ƙa'ida ake taɓa su, gumin mata ne ya tsai da su.

A zaman zubi na gaba, kowace ƙungiya ta duba tsofaffinta da masu ciki, a ga wadda ba ta da sanda. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.