Daga Sheka Zuwa Kwanar Ɗangora: Kundin Makon Ƙaura

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Akori-kura ta iso Sheka bayan sallar asuba, kafin hantsi mun gama lodi: gado, katifu, kujeru, firji, keken ɗinkin uwargida, tukwane da akwatin littattafan yara. Maƙwabta suka fito rakiya, mata na ta neman gafarar juna a bakin zaure.

Ba son ƙauye ya fitar da mu ba, kuɗin haya ne. Mai gidan ya aiko dillali cewa daga bana haya ta kusa ninkawa, kuma ta shekara guda yake so a dunƙule. Ni mai riƙe da lissafi ne a wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, albashina kuwa bai san an yi wannan tsalle ba. Na zaga Gaida, Panshekara da Rijiyar Zaki, ko'ina bakin dillalai ɗaya. Ana haka kawun uwargida, mutumin Kiru, ya ce akwai gida a Kwanar Ɗangora, ciki biyu da falo, da rijiya a tsakar gida, kuɗinsa bai kai rabin abin da nake biya a da ba.

Mun biya ta cikin gari don sallama da Hajiya mahaifiyata. Ba ta hana ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri ne ya kira ku. Amma ka sani, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kada ka bari yaran nan su manta hanyar ɗakina."

Muka ɗauki titin Zariya: Na'ibawa, gadar Tamburawa, Kura, Kadawa, Ciromawa, Daka Tsalle. Da azahar muna sauke kaya.

Lahadi, 5 ga Janairu

Sanyin nan ba irin na birni ba ne. Babu dogayen gine-gine da za su tare iska, haka take kwararowa daga gonaki ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Yara sun kwana da rigunan sanyi da safa.

Da safe na fita ganin gari. Kwana mahaɗa ce, kuma da mahaɗar take rayuwa. Babban titi ya miƙe zuwa Zariya da Kaduna, ɗaya kuma ya karya zuwa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ya faɗa Saminaka har Jos. Duk motar da za ta bi ɗaya daga cikinsu sai ta rage gudu a nan, don haka bakin titi cike yake da masu tsire da balangu, masu rake, masu shayi, masu faci da 'yan kamasho. Direbobin tirela sun jera motocinsu suna alwala a gefen taya.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne acaɓa. Tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano, har ƙaramin ɗana bai taɓa hawa na haya ba. A nan kuwa shi ne abin hawan kowa. Da na ɗora shi muka je sayen fitila, sai da ya roƙi a ƙara zagaye.

Kafin magariba kwanon tuwo ya shigo daga gidaje uku, ba mu ma san sunan masu su ba tukuna.

Litinin, 6 ga Janairu

Ranar gwaji. Na yi asuba a masallacin tasha, na tarar ɗan kamasho na kiran "Kano, Kano, saura mutum ɗaya!" alhali saura uku. Biyu a gaba, huɗu a baya, kowa da jakarsa a cinya. A cikinmu akwai ma'aikaciyar jinya, da wani mai sayar da kayan waya a Farm Centre, da dattijo mai kai jikarsa ganin likita. Na gane ba ni kaɗai nake wannan sintiri ba, akwai waɗanda suka shekara suna yi, har sun san kujerar da ba ta shigar da iska.

Titin kansa babu laifi. Tun da Julius Berger ya sake gina ɓangaren Zariya zuwa Kano, mota sai dai ta shimfiɗa. Hazo ne kawai ya sa direba ya kunna fitila har muka wuce Kadawa. Wajen Kwanar Gafan an riga an jera kwandunan tumatir, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu.

Wahalar tana farawa ne inda na zaci an iso. Daga Na'ibawa zuwa Kwari a adaidaita sahu, da cunkoson Unguwa Uku da na Gyaɗi-Gyaɗi, sai da na ɓata lokacin da ya kusa kai na tahowa daga Kura. Duk da haka na riga yaran shago buɗe ƙofa. Alhaji mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, mutumin ƙauye ya riga na birni? To Allah ya sa a ɗore."

Talata, 7 ga Janairu

Komawa ta fi tafiya ciwo. Ba a rufe littafi sai an rufe shago, ba a rufe shago sai baƙin Nijar da Chadi sun gama ɗaure dilolinsu. Na isa tasha bayan magariba, motocin sun yi ƙaranci, kuɗin mota ya ƙaru. Da wani fasinja ya yi ƙorafi, direba bai ko waiwayo ba ya ce, "Yallaɓai, je ka gidan mai ka yi musu wannan bayanin." Gaskiyarsa. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba, a farkon 2025 kuwa tana wasa a kusa da naira 1,000. Duk wanda ya ce zai zauna nesa da wurin aikinsa, da wannan farashin zai yi kokawa kullum safe da yamma.

Na shiga gida bayan isha'i. Yara sun yi barci, kamar yadda na bar su da asuba suna barci. Uwargida ta ajiye min tuwo a kula, ta ce, "Ƙaramin ya jira ka har ya gaji. Ya ce in tambaye ka ko kai ba ka ƙaura tare da mu ba."

Laraba, 8 ga Janairu

Yau labarin na uwargida ne, don ita ce ta san garin, ni titinsa kawai na sani. Ta ce a Sheka kullum sai ta tsaya jiran ɗan garuwa, a nan guga kawai take zurawa. Ta sayo tumatir, tattasai da albasa da kuɗin da a birni tumatir kaɗai zai ba ta. Masara da dawa daga hannun manomi ake auna su, babu ɗan tsakiya. Itace da gawayi ma da sauƙi.

Ta kai yara makarantar firamare da islamiyya, an karɓe su ba tare da dogon zance ba. Matan unguwa sun ga keken ɗinki, har an kawo mata ɗinkin suna kala biyu. Damuwarta ɗaya ce, rashin lafiyar dare. A birni asibitin Malam Aminu Kano na kusa da mu. A nan in abu ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai an nemi mota zuwa babban asibitin Tudun Wada ko a kama hanyar Kano. Na karɓi lambar wani direba maƙwabcinmu, na rubuta ta a jikin bango kusa da ƙofa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Mai lissafin dukiyar wani ya kamata ya iya lissafin tasa. Da rana ta yi sanyi a shago na ɗauki takarda na raba ta biyu. A dama na rubuta abin da ƙaura ta rage min: haya, ruwa, cefane, kuɗin makaranta. A hagu na rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa, da adaidaita sahu sau biyu, da abincin rana da a da nake ci daga gida, na ninka da ranakun kasuwa na wata. Hagu ta cinye dama, har ta nemi ƙari.

Na tuna ma'aikatan gwamnati da muke haɗuwa a mota. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano yanzu naira 71,000 ne. Wanda ke kan wannan mataki, in ya ce kullum sai ya yi wannan hanya, to direbobi yake yi wa aiki. Shi ya sa da yawansu ke kwana a birni wajen 'yan'uwa daga Litinin, sai ƙarshen mako su koma wa iyali.

Abin da takardar ta nuna min a fili yake. Wanda ya kai iyalinsa Kwana amma ya bar dukkan neman abincinsa a birni bai daina biyan haya mai tsada ba, wanda yake miƙa wa kuɗin ne kawai ya sauya.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na nemi izinin Alhaji na zauna a gida. Bayan an sauko daga masallaci kawu ya kai ni gaida mai unguwa. Na cire takalmi na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ya zo neman wurin zama."

Ya ce, "Wurin zama ko wurin kwana? Don muna da iri biyu. Akwai waɗanda suka zo daga birni, shekara ta zagayo ba mu gan su a jana'iza ko ɗaurin aure ba, sai dai mu ji ƙarar ƙofarsu da asuba. Akwai kuma waɗanda suka zo suka zama namu. Kai za ka zaɓa." Na ce ina fatan zama na biyun. Ya sa aka rubuta sunana cikin masu ba da kuɗin 'yan sintiri na wata-wata.

A majalisar ƙofar gidansa hira ta faɗa kan jirgin ƙasa. Wani dattijo ya ce garin Ɗangora da tashar jirgi aka san shi tun kafin titin mota ya yi suna, don layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta nan ya bi, kuma a zamaninsu ta jirgi ake kai gyaɗa da auduga. Yanzu idonsu na kan sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Fatansu ya riƙa tsayawa kusa da su. In hakan ta samu da jirgin safe da na yamma, garuruwan wannan hanya za su cika da ma'aikatan birni, filaye kuma za su yi tsada. Wani matashi ya ce dillalai ma sun fara shinshinawa.

A wannan majalisa na haɗu da wani mai shagon yadi daga Tudun Wada. Da ya ji a Kwari nake, ya matso kusa.

Asabar, 11 ga Janairu

Maganar jiya ta haifi ciniki. Mutumin Tudun Wada ya ce duk sarin da zai yi sai ya rufe shago yini guda ya biya mota zuwa Kano. In zan riƙa taho masa da kaya, zai turo kuɗi ta waya, ya ba ni ladan ɗauko. Ya ce akwai irinsa a Kiru da Bebeji. Na kai wa Alhaji zancen, ya ga sabbin abokan ciniki ne suka zo har gida, nan take ya amince. Ya ƙara da cewa ba dole sai na zo kullum ba: ranakun da kasuwa ke da sauƙi yaran shago su ɗauki hoton rasit su turo min ta WhatsApp, in shigar da lissafi daga gida. Ranar da aiki ya kai dare kuwa in kwana wajen Hajiya. Da na faɗa mata ta ce, "Ashe ƙaurar ma da rabona a ciki."

Su kuma abokan aiki da suka ji shinkafar Tudun Wada na kusa da ni, kowa ya ce a taho masa da kwano biyar ko rabin buhu. Yau na dawo da dila ƙarama a bayan mota, kuma ladanta ya biya kuɗin motar da ragi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na cika wa yara alkawari, muka je Tiga a ƙasar Bebeji. Sun tsaya suna kallon ruwa, babbar ta tambaya ko teku ke nan. Na ce madatsa ce da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, kuma ruwanta ne ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura, inda ake noman tumatir da shinkafar da suke gani a hanya. Muka sayi tarwaɗa daga hannun masunta, uwargida ta yi mana farfesu da daddare. Yau ƙaramin a cinyata ya yi barci.

Tun da muka taso abokai ke kira suna tambaya ko su ma su biyo mu. Amsata ga duk mai wannan niyya ita ce kada arhar gida ta ruɗe shi. Ya fara shiga motar asuba ya dawo a ta dare, ya rubuta abin da ya kashe, ya ninka da wata. Ya tambayi kansa ko aikinsa zai bar shi ya rage zuwa birni, ko akwai abin da zai riƙa kaiwa da kawowa da zai biya masa mota, ko matarsa na da sana'ar da za ta ci a sabon wuri. Ya san inda zai nufa in ciwo ya tashi da tsakar dare. In ya sami amsar waɗannan, ya zo, akwai wuri, akwai ruwa, akwai mutanen kirki. In bai samu ba, gara ya nemi ɗaki ɗaya a Kumbotso ya yi haƙuri da mai gidan haya.