Mutum-mutumin bakin New Market da kabarin kakana



Ni a Inugu aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, kuma tun da na gama nake taya mahaifina sayar da albasa da busasshen barkono. Duk wanda ya san garin nan ya san mutum-mutumin mahaƙa kwal da ke wajen New Market. Na fi shekara goma ina wuce shi da buhu a bayan mashin, amma a wurina alamar kwatance ce kawai, inda nake ce wa direbobin da suka taso daga Arewa su tsaya su jira ni.

Wata rana ruwan sama ya tsare ni a rumfar wani dattijo Inyamuri mai sayen albasa a wurinmu. Ya nuna wajen da baki, ya tambaye ni ko na san su waye. Na ce ban sani ba. Ya ce ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙa kwal wuta a Iva Valley, suka kashe mutum 21, suka jikkata 51, alhali haƙƙin guminsu kawai suke nema. Ya ce saboda kwal ɗin nan aka kafa garin, don a 1915 aka fara haƙarsa, kuma shi ya sa aka ja layin dogo zuwa Fatakwal. Wallahi kunya ta kama ni, don a makaranta na ji labarin sama-sama, na rubuta jarrabawa na manta.

Da dare na ba Baba labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai ka san wanda ya fara zama magajin garin Inugu?" Na ce wani Inyamuri ne mana. Ya yi dariya ya ce Malam Umaru Altine ne, Bafulatani ɗan Sifawa ta ƙasar Sakkwato, wanda fataucin shanu ya kawo shi, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, mutanen garin suka zaɓe shi a shekarun 1950. Jama'a, shekarata ashirin da 'yan kai a garin nan, kullum ana kira na aboki kamar jiya na sauka daga tirela, amma sai ranar na fara jin wannan suna.

Daga nan Baba ya ɗauko tarihin kakana. Ya zo da jirgin ƙasa yana saurayi, ya koma gida da rikicin 1966 ya ɓarke, ya sake dawowa bayan an gama yaƙi a 1970, ya fara daga tire ɗaya na goro. A nan ya rasu, a nan aka binne shi. Na ce, "Baba, ka kai ni in ga kabarinsa." Muka je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Baba ya daɗe yana zagaye cikin ciyawa, daga ƙarshe ya nuna wani wuri ya ce, "Ko nan ne, ko can kusa da bishiyar." Muka yi addu'a a tsakiyar wuraren biyu muka dawo, babu mai cewa uffan.

A hanya na ce masa me zai hana mu ma mu kafa wani abin tunawa da mutanenmu na farko. Ya ce, "Kai yaro, gunki kake so mu sassaƙa? Mamaci addu'a yake buƙata, dutse ba ya yi masa komai." Gaskiyarsa ce, kuma ban ja da shi ba. Ni ma ba mutum-mutumi nake nufi ba. Allo nake nufi na rubutu a ƙofar masallaci ko a bakin kara, da Hausa da Turanci da Inyamuranci, mai faɗin shekarar da aka kafa wurin da sunayen waɗanda suka kafa shi. Amfanin allon na masu rai ne, domin ƙanena da zai wuce gobe, da maƙwabcinmu da yake ganin baƙi ne mu.

Abin da ke damuna shi ne dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna ta ƙarewa. A layinmu saura biyu, ɗaya ma ba ya ji sosai. Na sayi littafi mai bango mai kauri, duk Lahadi bayan la'asar ina zama wurinsu ina rubuta wa ya zo, daga wane gari, da wace sana'a. Baba ya fara da yi mini dariya, amma makon jiya shi da kansa ya kira ni ya ce in ƙara sunayen abokan kakana guda huɗu da ya tuna.

'Yan uwa na Sabon Ibadan, da Shagamu, da Agege, da Ama Hausa ta Owerri, ina roƙon ku ku tambayi tsofaffinku tun suna da rai, ku rubuta. In mun tara sunayen, sai mu kai wa Sarkin Hausawa maganar allon.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.