Ɗaki naka, mabuɗi a hannun wani

Ran 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10. Windows 11 kuwa ba ta yarda da inji sai mai wata ƴar na'urar tsaro da ake ce ma TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita. Irinsu ne ake kawo mana daga Turai, su ne bisa teburan ma'aikatu da shaguna daga Yamai har Damagaram. Inji lafiya lau, amma daga nesa an yanke masa hukuncin tsufa.

Ba haka aka faro ba. A 1981 IBM ya fito da kwamfutarsa, ya bayyana ƙirarta, Compaq da wasu suka yi irinta, kuɗinta ya sauka. Albarkacin wannan ne, sa'ad da nake lise, mai gyaran unguwarmu ke tada inji guda daga matattu uku. Apple kuwa a 2008 ya buɗe App Store: a lokacin manhaja ba ta shiga iPhone sai ta ƙofarsa, yana kuma cire kashi 30 cikin 100 na ciniki. Ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da kasuwa mai dillali ɗaya.

Kulle na da ranarsa. Ma'aikacin da cutar kwamfuta ta cinye ma rahoton shekara zai so ƙofa mai gadi. Abin da ban yarda da shi ba, mai gadi ya hana mai gida mabuɗi.

Mafita tana nan. Linux, wadda ɗalibi Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, kyauta ce, kowa na iya duba cikinta, kuma tana tafiya bisa injunan da Windows 11 ta ƙi. Jandarmomin Faransa sun fara komawa gare ta tun 2008. A 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta ma Apple barin wasu shagunan manhaja, amma a ƙasashenta kaɗai.

Mu da ba mu da ƙarfin tilasta ma kowa, ƙarfinmu na wurin saye. Kafin darekta ya sa hannu, kafin Alhaji ya biya, a tambaya: wa zai iya gyara ta a nan, wa kuma zai iya tsai da ita daga can? Zanen aro ba ya rufe katara.