Tufafin 'Yan Rawa A Shekarun Ƙarancin Yadi

A ƙasashen Turai akwai wata irin rawa da a ke kira bale. Ba a magana a cikinta, ba a kuma waƙa. Da motsin jiki da kiɗa kaɗai a ke ba da labari tun daga farko har ƙarshe. Matan da ke yin ta su kan tsaya bisa kan yatsun ƙafa, su yi ta juyi kamar mazari. Yarinya ta kan soma koyo tun tana wajen shekara goma, ta kuma yi shekaru tana shan wuya kafin a yarda ta fito gaban jama'a.

To, da ya ke ba a magana, tufa ita ce bakin mai rawa. Da ganin riga mai kallo zai gane wannan sarki ne, waccan mayya ce. Rigar da matan suka fi sawa tana da suna, amma sunan ba shi da daɗin faɗi a bakin Bahaushe, saboda haka a nan za a kira ta fatari. Da wani yadi mai raga-raga kamar gidan sauro a ke yin sa, a jera shi ninki goma ko fiye, a ɗinke, har ya miƙe daga ƙugu kamar faifai, don a ga yadda ƙafa ke aiki. Takalmin kuwa da ƙyalle da takarda da manne a ke taurara bakinsa. Babbar 'yar rawa ta kan kashe takalmi ɗaya a dare ɗaya, da safe a nemo wani.

A da fatarin dogo ne, yana kaiwa ƙauri, fitilun dandali kuma na gas ne. A cikin 1862 wata yarinya a Faris, Emma Livry, tana gwaji sai rigarta ta taɓa wuta. Da ma akwai wani magani da a ke shafa wa yadi don kada ya kama, amma ta ƙi shi, wai yana ɓata kyan riga, yana sa ta tauri. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a 1863, shekarunta ashirin. Wanda ya ce wauta ta yi bai yi ƙarya ba, amma daga nan a ke gane matsayin tufa a wurin masu wannan sana'a.

A Ingila wata mace ce, Ninette de Valois, haifaffiyar Ailan, ta kafa ƙungiyar 'yan rawa a 1931, wadda aka sani da sunan Sadler's Wells. A watan Mayu na 1940 suna ƙasar Holan suna wasa sai sojan Jamus suka auka wa ƙasar. Da ƙyar suka tsira a cikin jirgin ruwa na kaya, suka baro tufafinsu da labulen dandali da takardun kiɗa. Da suka koma gida ba a daɗe ba, a watan Yuni na 1941, Gwamnati ta sa doka a kan tufa, domin auduga da ulu da masaƙa duk an juya su wajen yaƙi. Aka ba kowane mutum tikiti 66 a shekara. Kome kuɗinka, in ba ka da tikiti ba a sayar maka. Rigar mace ta kan ci tikiti 11, safa 2. Mutane suna tsammanin in an gama yaƙi za a sami sauƙi, ashe sa'an nan ne abin zai fi tsanani: daga Satumba 1945 zuwa Afrilu 1946, watau wata takwas, tikiti 24 kaɗai aka ba kowa.

A cikin wannan hali ne aka ƙudura sake buɗe babban gidan wasa na Landan, wanda ke unguwar Covent Garden. Duk tsawon yaƙi an kwashe kujerunsa, an mai da shi wurin da sojoji ke rawa da 'yan mata. Wanda ya tsaya a kan al'amarin shi ne John Maynard Keynes, masanin tattalin arziki, matarsa ma tsohuwar 'yar rawa ce daga Rasha. Wasan da aka zaɓa kuwa shi ne wanda ya fi kowane cin tufa: labarin 'yar sarki wadda mazari ya soke ta a yatsa, ta yi barci shekara ɗari, ita da fadar ubanta duka, har wani ɗan sarki ya zo ya tashe ta. An fara yin sa a Rasha a 1890, da kiɗan Tchaikovsky. Akwai sarki da sarauniya, da fadawa, da aljanu, da mafarauta, kowa da kayansa, wani ma sai ya sake kaya kafin a tashi.

Aka danƙa aikin tufa a hannun Oliver Messel. A lokacin yaƙi hafsa ne, aikinsa ɓoye kayan soja, ya sa abu ya yi kama da wani abu don ya ruɗi jiragen abokan gaba. Wannan sana'a ta yi masa rana. Ya san mai kallo yana zaune nesa, ya kuma san abin da hasken fitila ke yi wa ido. Saboda haka inda a da za a sa zinariya da alharini, sai ya sa yadi mai araha ya shafa masa fenti, ya haɗa da waya da takarda mai ƙyalli. In ka riƙe rawanin sarauniya a hannu ka ce tarkacen yara ne, in ta fito da shi dandali ka rantse daga taskar sarki aka ɗauko. A nan ne gwanintar ta ke, domin mai kuɗi kowa ya iya sayen kyau, amma fitar da kyau daga babu sai gwani.

Ran 20 ga Fabrairu 1946 aka buɗe. Sarki Joji na Shida ya zo da iyalinsa. Manyan gari suka fito da kayan ado da suka yi shekara shida a akwati, har gidan ya cika da warin maganin asu. Margot Fonteyn, mai shekara 26, ita ce 'yar sarki. Akwai wani wuri a wasan inda ta kan tsaya bisa yatsun ƙafa ɗaya, 'ya'yan sarakuna huɗu su zo ɗaya bayan ɗaya su kama hannunta, tsakanin kowane biyu kuwa ta saki, ta tsaya ita kaɗai ba abin dafawa.

Mai hankali ya iya tambaya, ina amfanin wannan duka a garin da bom ya rushe gidaje, mata na bin layi don nama, yara na sa rigar da aka rage daga ta uba? Tambaya ce mai nauyi, ba a kuwa kawar da ita da dariya. A watan Yuli na shekaran nan har burodi sai da aka sa masa doka, abin da ba a yi ba ko a tsakiyar yaƙi. Amma ba manya kaɗai suka shiga gidan ba. Akwai kujeru masu araha can sama, talakawa kuwa sun yi ta bin layi a cikin sanyi don su same su, ba wanda ya tilasta musu. Mutumin da ya yi shekara shida ba ya ganin kome sai kaki da baƙin labule, shi ya san abin da ya je nema. Keynes kansa bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a watan Afrilu, wata biyu bayan buɗewa.

An janye dokar tufa a watan Maris 1949. A watan Oktoba ƙungiyar ta tafi Amurka, ta yi wasan nan a Niyok, aka yi ta tafi kamar ba za a daina ba. Ingila a lokacin tana matuƙar bukatar dala, don haka masu ɗinki na ƙasar suka yi wa 'yan rawan kayan fita, da huluna da takalma, don matan Amurka su gani su yi sha'awar saye. A 1956, shekarar da Sarauniya Elizabet ta zo Nijeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna, ta ba ƙungiyar takardar sarauta, aka koma kiranta Royal Ballet. Ita ce ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki biyu da suka zauna kallo a daren buɗewa. A 2006, da ƙungiyar ta cika shekara 75, aka koma ga zane-zanen Messel, aka sake fitowa da wasan bisa tsarinsa na 1946.